Awon Likkafani

Al Muntazah, Doha
3 ga Rajab

Zuwa ga amaryata, Hajiya Safiya ta Maigatari, mai haƙora huɗu da rabi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya sanyi, ya kewar ango? Ina gaida Yaya Ikilima, wadda za ta kara miki hoton takardar nan a ido, tunda kunnuwan naki sun yi murabus ba kya jin waya. Ki ce mata kada ta leƙa, maganar miji da mata ce. Ko da yake ajami ne, 'yar boko ba za ta gane komai ba.

Ni ina nan ƙalau. Har yanzu gadin nan nake yi a wani dogon bene a Lusail, tsaye kamar turmi daga safe zuwa yamma, ina ce wa motoci yalla yalla, wato su wuce. Abokin ɗakina Mubarik, mutumin Kumasi, yana gaishe ki. Kwana biyu ba ya min magana don na ɗinke masa hannun rigar aiki. Zai huce.

Jiya na je gidan yari na ga tsohon mijin naki. Kaka, mutumin nan ba shi da kunya. Shekara goma sha takwas yana cin abincin gwamnatin mutane, an aske shi, an wanke shi, har wani haske ya yi. Ta bayan gilashi muke magana, kowa da kan waya a kunne. Na ce, "Tsoho, ba ka mutu ba har yanzu? Ka tare min hanya, amarya tana can tana tsufa." Ya ce, "Kai ɗan nema, sunana ma aro na ba ka, matar kuma sai ka ga ƙasa ta rufe min ido." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in tambaye ki ko kukar nan ta ƙofar gida tana nan.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Lauyansa ya kira ni. Kin san abin da ake jira tun ina ɗan shekara biyar. Lokacin da aka yanke wa Tsoho hukuncin kisa saboda marigayi Surajo, matar Surajo tana da ciki, alƙali ya ce jini haƙƙin magada ne gaba ɗayansu, sai abin da ke cikin ya zo duniya ya yi hankali an ji ta bakinsa. To, abin da ke cikin nan yanzu budurwa ce, sunanta Bilqis, watan jiya ta cika sha takwas. Uwarta Hajiya Hafiza ta daɗe da cewa a kashe. Yayanta Umar Faruq, injiniya ne a nan Doha, shi ma haka. Saura ita kaɗai. Lauya ya ce in mutum ɗaya cikin magada ya ce ya yafe, kisa ya faɗi, ko sauran ba su so. In ita ma ta ce a kashe, halas, kamar yadda suke faɗa a nan, wato shi ke nan.

Jibi za ta sauka a filin jirgin Hamad ita da uwarta, daga Kano. An ce ta roƙi a bar ta ta ga Tsoho da idonta kafin ta tsaya gaban alƙali. Lauya ya ce alamar alheri ce, wanda ya gama yanke shawara ba ya neman gani.

Abu ɗaya ne bai min daɗi ba. Sun ɗauke shi daga ɗakin da yake tare da mutane sun kai shi wani shi kaɗai. Likita ya zo ya auna nauyinsa da tsayinsa, ya rubuta. Tsoho ya ce ko ragon layya ba a yi wa wannan gatan.

Ki yi mana addu'a, amma kada ki yi da yawa, ni ma ina so in yi aure.

Mijinki na gaskiya,
Baballe

*

Maigatari
6 ga Rajab

Zuwa ga mai sunan Malam.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta sau uku. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka ce wa Malam kukar tana nan, reshen gabas ne kawai ya faɗi bara.

Yau ba zan biye maka ba, ka saurara. Kowa a gidan nan ya gaya maka kakanka ya kashe mutum a faɗa. Ba faɗa ba ne. Ba wanda ya so ya gaya maka, ni zan gaya maka, don na ga bakinka ya fi ƙarfinka.

Surajo ba abokin gaban Malam ba ne. Malam ne da kansa ya nema masa hanya ya kai shi garken raƙuman wani Balarabe a can inda kuke. A kasuwar raƙuma ta nan garin suka saba. Shi Bafulatani, mu Barebari, ka san abin da ke tsakani. In ya zo gidan nan tun daga zaure yake kiran, "Ina bayina?" Sai ya zauna ya cinye tuwon Malam yana kushe miyar. Ban taɓa ganin mai tsokana irinsa ba sai da aka haife ka.

Ranar da abin ya faru, Surajo ya kwance wata taguwa da kafil ɗinsu, wato uban gidansu, yake ji da ita kamar 'yarsa, ya ɓoye ta bayan tudun yashi, don kawai ya ga idon Malam ya raina fata. Bai san kafil zai zo garke ran nan ba. Mutumin ya zo bai ga taguwa ba, ya cire takalmi ya mari Malam da shi a gaban yaran da Malam yake koya wa aiki. Malam fa, mutum mai furfura. Bayan ya tafi sai ga Surajo ya fito yana jan taguwar, yana dariya har yana riƙe ciki, bai san abin da aka yi ba. Ƙarfen turke ne a hannun Malam. Sau ɗaya ya ɗaga. Shi ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi bakin titi, shi ya kai kansa wajen 'yan sanda. Da hannunsa ya rubuto min wannan, takardar tana ƙarƙashin adakata.

Ka ga wasa ne ya kai kakanka inda yake, wasa ne ya kai Surajo inda yake.

Ban hana ka wasa da kakanka ba, haƙƙinka ne, Allah ne ya haɗa jika da kaka a kan haka. Amma kwanakin nan ba na wasa ba ne. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin ubanta ba. Za ta zo ne ta duba fuskar Malam ta ga ko akwai ubanta a ciki, ko an manta da shi. In ka je ziyara ka gaishe shi ka zauna kamar mutum. Baki shi ke yanka wuya, mai sunan Malam.

Jiya na yi mafarki ana ɗinka farin yadi a tsakar gida, ina tambaya na wane ne ba wanda ya ɗago. Na tofa ta hagu. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka.

Kakarka,
Safiya

*

Al Muntazah
11 ga Rajab

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki sa Yaya Ikilima ta zauna kusa da ke kafin ki ci gaba.

Wallahi na karanta takardarki, wallahi na yi niyya. Lauya ya ce ranar Laraba za a kawo Bilqis ta gan shi. Ni ziyarata Talata ce. Na shiga na yi sallama, na ce, "Barka da rana, Malam, an wuni lafiya?" Na sunkuyar da kai kamar a gaban surukai. Sai ya dube ni ya dube ni. Ya ce, "Baballe, an sa rana ne? Sun gaya maka ba su gaya min ba?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya sa kake gaishe ni kamar gawa?"

Kaka, ban taɓa ganin tsoro a idon Tsoho ba sai ran nan, kuma ladabina ne ya jawo shi. Sai na ce a raina, bari in ɗan taɓa shi kaɗan ya dawo hayyacinsa. Na miƙe na ce, "To tunda ka gane, awon likkafani na zo yi. Tashi tsaye, ba na son asarar yadi." Ya tashi. Na kara hannuna a jikin gilashi ina aunawa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kamu ɗaya, kamu biyu, ina ƙirgawa da ƙarfi. Na ce, "Tsoho ka shanye, kamu uku da rabi ne kai gaba ɗaya. Ragowar yadin na ɗinka wa amarya ɗankwali." Ya fashe da dariya. Irin dariyar nan tasa da yake jefa kai baya, ana ganin dasashi. Ni ma na kama. Har mai gadin da ke tsaye, wanda ba ya jin Hausa, ya yi murmushi.

Ni bayana ne a ƙofa. Sai na ga dariyar Tsoho ta tsaya cak, bakinsa a buɗe. Na juya. Yarinya ce doguwa cikin baƙar abaya, da wani mutum mai tabarau a gefenta, da lauyanmu a bayansu ya dafe kai. Ashe an matso da ranar, yayanta yana da aiki ranar Laraba. Ban san tun yaushe suke tsaye ba. Lauya ya ce tun daga kamu ɗaya.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Da ta zage ni ma da na ji sanyi. Ta dubi Tsoho ta cikin gilashi kamar mai karanta allo. Tsoho ya miƙo hannu yana nuna mata kan wayar, bakinsa yana motsi. Ba ta ɗauka ba. Ta ce wa yayanta, "Yaya, mu tafi, na gani." Shi ke nan abin da ta faɗa.

Ranar Alhamis ta tsaya gaban alƙali. Ta ce tana tare da uwarta da yayanta.

Lauya ya ce takarda za ta hau sama a sa hannu. Ba a yi cikin azumi, don haka in ba a yi a Sha'aban ba, sai bayan Sallah. Ya ce ƙofa ba ta rufe duka ba, mai haƙƙi yana iya yafewa ko an ɗaure mutum a wurin, matuƙar ba a ba da umarni ba. Amma yana faɗa yana kallon takalminsa.

Kin gaya min. Ban ji ba. Ki zage ni, Kaka, ki tsine min ma in kin ga dama, amma ki rubuto.

Baballe

*

Al Muntazah
2 ga Sha'aban

Zuwa ga Malama Bilqis Surajo, ta hannun lauya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya, ina yi muku ta'aziyyar da ba wanda ya yi muku daga gidanmu shekara goma sha takwas, don kunya. Allah ya jiƙan Malam Surajo, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Sunana Abdulbaqi, ana ce min Baballe don sunan kakana aka sa min. Ni ne wawan da kika gani yana awo a jikin gilashi. Ki yi haƙuri da rubutun, allo kawai na yi, boko ban iya ba, kuma ban so wani ya rubuta min wannan.

Ban zo in ce kakana ba shi da laifi ba. Shi ma bai taɓa faɗa ba. Na zo in ce dariyar da kika gani tawa ce, ni na tatso ta daga bakinsa da ƙarfi. Kakata ta gargaɗe ni, na ƙi ji. Yau kwana ashirin da ɗaya ba ta amsa takardata ba, ita da ba ta taɓa kwana uku ba ta amsa ba.

Shekara biyu ke nan da na zo ƙasar nan, don shi na zo. Kafin nan shekara goma sha shida ba mai ziyartarsa daga gida. Masu gadi sun gaya min Litinin da Alhamis azumi yake yi, kuma duk saukar da ya yi wa mahaifinki yake ba ladan. Ba su taɓa ganin haƙoransa ba sai da na fara zuwa.

Bayan abin da ya faru na koma na ce masa, "Na kashe ka, Tsoho." Ya ce in rufe masa baki, shi ya kashe kansa tun kafin in yi wayo. Sai na tambaye shi me ya sa duk shirmen da na yi yake dariya, alhali ba wani abin dariya ba ne. Ya ce, "Ranar da ka fara zuwa ka yi dariya a cikin wayar nan, saura kaɗan in sake ta. Dariyar Surajo ce sak, har shaƙewar nan ta ƙarshe. Ni na kashe ta a duniya, sai ga ta ta fito daga bakin jikana. In ka yi, sai in ji kamar ya zo ya ce min bawa."

Ban faɗi wannan don in yi miki wayo ba. Na faɗa ne don kin zo ki ga ko ya manta da mahaifinki, ni kuma na tsaya a gabanki na tare.

Haƙƙinki ne, ba wanda zai ga laifinki duniya da lahira. Amma in akwai wanda ya cancanci fushin ran Talatar nan, ni ne, shi shekararsa saba'in da shida, sai an riƙe shi yake tashi daga sujada.

Na gode da kika karanta, in kin karanta.

Baballe, jikan Abdulbaqi

*

Doha
19 ga Ramadan

Malam Baballe,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da fatan ana shan ruwa lafiya. Takardarka ta same ni tun farkon Sha'aban. Na jinkirta amsa ne saboda ban san abin da zan ce ba. Ka nemi wanda zai karanta maka wannan, ni ma ban iya ajami ba, mahaifiyata ce ta karanta min taka.

Ina so in gyara maka fahimta ɗaya. Ka ɗauka ban gane abin da na gani ba. Na gane. A Kano na tashi, na san wasan jika da kaka, na sha gani a gidajen ƙawayena. Ban ɗauka kuna yi wa mahaifina dariya ba.

Zan gaya maka gaskiya tunda ka gaya min. Na shigo ɗakin nan da yafiya a bakina. Tun a jirgi na shirya kalmomin. Sai na ga tsoho yana da jikan da zai tsokane shi. Yayana yana da 'ya'ya biyu, Haulat da ƙaninta. Ba su da wanda za su ce wa tsoho ka mutu ka ba mu wuri. Ni ma in na haihu nawa ba za su samu ba. Kakanka yana cikin kurkuku, amma yana da abin da ya hana mahaifina samu. Abin da na gani ke nan, kuma shi ya hana yafiyar fita.

Da mahaifiyata ta zo wajen da ka yi maganar dariya, ta ajiye takardar ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce gaskiya ne, haka yake, mai tsokana ne har ana gudunsa a gidan biki. Ba wanda ya taɓa gaya min. A gidanmu hotonsa ɗaya ne, na fasfo, fuska a ɗaure, kuma ba a ambatonsa sai da kuka. Shekara goma sha takwas ina zaton mutum ne mai shiru. Ban sani ba ko in gode maka ko in ƙara jin haushinka.

Ban janye maganata ba. Ban kuma ce ba zan janye ba. An gaya min ina da dama har safiyar ranar, kuma an sanar da mu ranar, sha biyu ga Shawwal. Zan je wurin.

Don Allah kada ka sake rubuto min, kada kuma a turo min malamai.

Wassalam,
Bilqis Surajo

*

Al Muntazah
13 ga Shawwal

Kaka,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Yaya Ikilima ta riga ta gaya miki, amma ni ya kamata in faɗa, ko ba za ki amsa ba.

Shekaranjiya suka bar ni na gan shi ba gilashi. Karon farko ke nan da na taɓa hannunsa tun ina yaro. Hannun ba nauyi, kamar busasshen kara. Na shirya ba zan yi wasa ba, kuma ko na so babu shi. Shi ne ya yi. Ya ce, "To ango, ka ci nasara. Na bar maka ita. Amma ka jira ta gama takaba, kada ka yi min rashin kunya." Ya ce ba kya son gishiri da yawa, kuma in kika yi fushi kada a lallashe ki, a bar ki ki share tsakar gida ki huce. Ya ce in gaya miki ki yafe masa shekarun. Ya ce ya fi son ya biya a nan da a can, in kuma yarinyar ta yafe, to Allah ya yafe mata ita ma. Daga nan ya sa na ja masa Yasin, inda na yi tuntuɓe ya gyara min, ya ce malamina ya ci kuɗin Laraba a banza.

Jiya bayan asuba na je na tsaya a bakin ƙofar gidan yarin, ni da Mubarik. Ba a barin mu shiga. Gari ya waye, zafi ya fara tun rana ba ta ɗaga ba. Wajen ƙarfe shida motar Umar Faruq ta zo. Shi ya fita ya nufi ƙofa bai dube mu ba. Bilqis ta fito ta tsaya. Sai ta tako har inda nake.

Ta ce, "Kai ne Baballe." Na ce ni ne.

Ta ce, "Ka ce dariyarka irin ta babana ce. Yi in ji."

Ba da gatse ta faɗa ba, Kaka. Idonta ya kumbura, roƙona take yi. Ni da ake kora daga makarantar allo saboda dariya, ni da na yi dariya a sahun sallar Idi har Baba ya fasa min baki. Na buɗe baki. Na tuna rigar Mubarik, na tuna ranar da na sa miki ƙadangare a kwando, na nemo duk shirmen da na taɓa yi a duniya. Mubarik yana taɓa ni yana cewa, "Yi mana, ɗan'uwa, yi." Abin da ya fito daga maƙogwarona irin kukan da raƙumi yake yi ne in ana durƙusar da shi. Na sake gwadawa. Shi ne dai.

Ta jira. Wallahi ta jira ni, ta fi minti biyu. Yayanta ya kira ta daga ƙofa. Ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya." Ta shiga.

Ban ji komai ba. Na zaci za a ji ƙara, babu, sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki da ke jikin katanga. Bakwai saura lauya ya fito da jakar leda a hannu. Rigarsa ce, da hula, da carbi, da tabarau mai ƙafa ɗaya.

Ban sani ba ko da na yi dariyar za ta yafe. Ba zan taɓa sani ba. Da ita na ɓata, da aka nema kuma na rasa.

Bayan azahar aka yi masa sutura, Hausawan nan sun zo da yawa, har likitoci. Ni ma na shiga wankan gawar. Da mai wankan ya zo yanka yadi ya tsaya yana kintata tsayi, sai na ji bakina ya ce kamu uku da rabi. Ya auna. Haka ne.

Mubarik ya ce a garinsu ma jika yana sa rigar kaka ya kwaikwayi tafiyarsa a gidan makoki, a yi dariya a rage zafi. Rigar tana nan a rataye. Ban iya ba.

Ki yafe min.

Baballe

*

Maigatari
16 ga Shawwal

Zuwa ga ango.

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙan Surajo, ya sanyaya zuciyar yarinyar nan.

Shirun da na yi tsakar gida nake shara. Na gama.

Shekara goma sha shida yana zaune da gawa a ƙirji, ka zo ka ba shi biyu yana dariya. Ni ban iya ba shi ko ɗaya ba. Ba abin da zan yafe.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ka ƙirga da kyau, kai da ka iya awo. In na fita ka zo da goronka, ka sa rigar, ka shigo min da tafiyarsa tun daga gindin kuka. Kuma ka nemo dariyar nan duk inda ka yar da ita kafin ka hau jirgi. Na yi zaman jiran miji ɗaya, ba zan auri mai ɗaure fuska ba.

Amaryarka, mai haƙora huɗu. Rabin ya faɗi ran Sallah.
Safiya